John Rockefeller: yadda mai littafin lissafi ya yi da safiyarsa da darensa har shekara 97

Ɗan ƙanwata ya samu aiki a wani banki a Yamai, wata takwas ke nan. Da ya zo gida hutun sallah na ga ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce mini, Kawu, ƙarfe bakwai nake fita, wani lokaci sai tara na dare nake dawowa, in ƙarshen wata ya zo kuwa ba a magana. Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wasu hotuna da ake yawo da su, wai ga abin da manyan masu kuɗi na duniya ke yi da safe, ga abin da suke yi kafin su kwanta. Wannan yana wanka da ruwan sanyi, wancan yana tashi ƙarfe huɗu. Yaron ya ɗauka da gaske. Yana so ya ƙara rage barcin da dama bai ishe shi ba.

Ni ma na yi shekara ashirin da ƴan kai ina riƙe da littafin wani kanti a Maraɗi, aikin kontabul, ko akanta kamar yadda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa. Na san nauyin da ke kan mutumin da ke kwana da kuɗin wani a kansa. Shi ya sa na ce bari in ba shi, in kuma ba masu karatu, labarin mutumin da duk waɗannan ƴan hotuna suke kwaikwayo ko sun sani ko ba su sani ba, wato John Davison Rockefeller na Amurka. Da riƙon littafi ya fara, kuma har ya mutu halin mai riƙon littafi bai bar shi ba. Rayuwarsa tana da abin ɗauka, tana da abin gudu, zan kuma faɗi duka biyun.

Gidan da ya fito

An haife shi ranar 8 ga watan Yuli 1839 a wani ƙauye mai suna Richford cikin jihar New York. Uwarsa, Eliza, mace ce mai riƙon addinin Kirista ƙwarai, mai tsimi, mai horo. Ubansa, William, wani irin mutum ne dabam. Yawo yake gari gari yana sayar da magungunan da ya ce suna warkar da kowace cuta, ya yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba, sannan ya faɗo gida cikin dare da damin kuɗi. Daga baya ma ya canza suna ya auri wata mace a ɓoye alhali matarsa ta fari tana raye. Yaro ya tashi yana ganin uwarsa tana cin bashi a kanti, tana ƙirga kwanaki, ba ta san ranar da maigida zai dawo ba. A ganina daga nan ne son tsari ya shiga jininsa. Wanda ya girma a gidan da ba a san abin da gobe za ta kawo ba, in Allah ya ba shi hankali, yakan ƙi jinin duk wani abu na ba-zata.

Tun yana ɗan shekara bakwai yake kiwon talotalo yana sayarwa, yana tara kuɗin. Da ya ɗan tasa ya ranta wa wani manomi dalar Amurka 50, bayan shekara ta dawo masa da ƙarin dala uku da rabi. A daidai lokacin kuma yana haƙar dankali a gonar wani, ana biyansa santi 37 da rabi a wuni. Ya kwatanta biyun ya ga kuɗi ma suna iya yi wa mutum aiki. Mu dai mun san hukuncin kuɗin ruwa a wurinmu, ba shi nake tallatawa ba. Abin lura shi ne yaro ƙarami ya zauna ya auna guminsa da alƙalami.

A 1853 iyalin suka koma yankin Cleveland a jihar Ohio. Bai shiga jami'a ba. Ya yi ƴan watanni a wata makarantar koyon kasuwanci, ya koyi riƙon littafi da rubutu mai kyau, sai ya fita neman aiki yana da shekara 16.

Neman aikin ma da tsari ya yi shi. Kullum ƙarfe takwas na safe zai sa tufafinsa masu tsabta ya fita, ya bi ofisoshin da ya jera a takarda, bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da manyan ƴan kasuwa, sai yamma ya dawo. Kwana shida a mako, har mako shida. Inda aka kore shi ya sake komawa, wani wurin har sau uku. Ranar 26 ga Satumba 1855 wani kamfanin dillancin kayan gona mai suna Hewitt da Tuttle ya ɗauke shi mataimakin mai riƙon littafi. Wannan rana ya riƙa bikinta kowace shekara har tsufansa, ya fi ɗaukarta da muhimmanci bisa ranar haihuwarsa.

Safiyar ɗan shekara 16

Ƙarfe shida da rabi na safe yake isa ofis, da ɗan abincin ranarsa a hannu, ya kunna fitila ya buɗe littattafai. Sau da yawa bayan cin abincin dare sai ya sake komawa. Wata uku ya yi ba a ba shi ko sisi ba, sai a ranar ƙarshe ta shekarar aka danƙa masa dala 50, aka kuma yanka masa dala 25 a wata.

Abin da ya bambanta shi da sauran yaran ofis shi ne duk takardar biyan kuɗi da ta zo, sai ya bi ta layi layi, ya sake haɗa lissafin da kansa. Ya taɓa ganin wani ɗan kasuwa maƙwabcinsu ya miƙa wa yaronsa takardar mai gyaran famfo ya ce a biya, ko dubawa bai yi ba. Abin ya tsaya masa a rai har tsufa yana ba da labarinsa. In santi biyu suka ɓace, sai ya nemo su. In ana bin wani bashi, zai je ya zauna a ƙofarsa cikin ladabi, ba faɗa ba zagi, har sai an biya.

Ga kuma wani ɗan jan littafi da ya saya da kuɗinsa, wanda ya sa wa suna littafin A. A ciki yake rubuta duk abin da ya shigo aljihunsa da duk abin da ya fita, kuɗin ɗaki, kuɗin wanki, har da ƴan santin da ya jefa a coci ko ya ba wani mabukaci. Tun albashinsa bai taka kara ya karya ba yake fitar da sadaka, kafin ya kai shekara ashirin da ɗaya abin da yake bayarwa ya kai kashi goma cikin ɗari na abin da yake samu. Wannan littafi ya adana shi a cikin akwatin ƙarfe har ƙarshen ransa. Ko da ya zo aure a 1864, kuɗin zoben amaryarsa Laura Spelman, dala 118, sai da ya shiga littafi.

A nan nakan tuna da kaina. Akwai shekarar da na yi sakaci na bar shiga da fita na kwana uku ban rubuta ba, ina cewa ai suna kaina. Ranar da maigida ya ce a rufe lissafin wata, jika biyar suka ƙi fitowa. Na zauna har tsakar dare ina juya takardu, gumi na keto mini, ina tunanin da wane ido za a dube ni. Ashe kuɗin dako ne na biya ban rubuta ba. Tun daga ranar ban sake kwana da lissafin yini a buɗe ba. Kuɗi kaɗan ne, amma mutuncin shekara goma ya kusa tafiya a kansu.

Darensa

Abu biyu ne suka fi burge ni game da daren Rockefeller yana saurayi. Na farko, shi da kansa ya gane aikin dare yana neman cinye shi. Sai ya rubuta wa kansa alkawari cewa na tsawon kwana talatin ba za a sake ganinsa a ofis bayan ƙarfe goma na dare ba. Mutumin da ake ba da misali da shi wajen naci, ga shi yana kafa wa kansa dokar tashi daga aiki. Wannan ne na fara karanta wa ɗan ƙanwata.

Na biyu, in ya kwanta yakan yi wa kansa faɗa. Musamman lokacin da kasuwa ta fara buɗe masa, sai ya sa kai a matashi ya riƙa tuna wa kansa cewa don ya samu ɗan farko ba shi ne ya zama wani ba, ya bi a hankali, girman kai na kayar da mutum. Ya ce wannan hira da kansa ta yi tasiri ƙwarai a rayuwarsa. Mu ma muna da irinta a tarbiyyarmu, mutum ya yi wa kansa hisabi kafin barci, sai dai waya ta ƙwace mana wannan lokacin.

Daga littafi zuwa mai

Da albashinsa ya kai dala 600 a shekara ya nemi a mai da shi 800, aka ce sai dai 700. Sai ya bar aikin. Ya haɗa jari da wani Bature ɗan Ingila mai suna Maurice Clark suka buɗe nasu dillancin hatsi da nama. Dala dubu daga cikin jarinsa wurin ubansa ya ranto, uban kuma ya ɗora masa ruwa kashi goma cikin ɗari. A 1859 aka haƙa rijiyar mai a Titusville cikin jihar Pennsylvania, ba nisa sosai da Cleveland. Wancan zamani ba a san mota ba, kananzir na fitila shi ne abin nema. A 1863 suka sa kuɗi a matatar mai tare da wani masani mai suna Samuel Andrews. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da su Clark, a 1865 aka yi gwanjon matatar a tsakaninsu, ya saye ta a kan dala 72,500. A watan Janairu 1870 aka kafa kamfanin Standard Oil da jarin dala miliyan guda.

A waɗannan shekaru babban abokin shawararsa shi ne Henry Flagler. Gidajensu na kan titi ɗaya, Euclid Avenue. Da safe tare suke takawa zuwa ofis, da rana su dawo cin abinci tare, su koma tare, da yamma su sake dawowa tare. A ofis teburansu na jingine da juna, wasiƙa takan yi ta kai da komo tsakaninsu har sai kowace kalma ta zauna. Yawancin manyan shawarwarin kamfanin a kan wannan tafiyar ƙafa aka yanke su.

Idon mai riƙon littafi bai bar shi ba ko da ya zama shugaba. Wata rana ya tsaya yana kallon injin da ke liƙe garwar kananzir da dalma, ya tambaya ɗigo nawa ake sa wa kowace garwa, aka ce 40. Ya ce a gwada 38. Wasu suka yi yoyo. Aka gwada 39, ba wadda ta zuba. Ɗigo ɗayan nan ya rage wa kamfanin dala 2,500 a shekarar farko, daga baya da ciniki ya bunƙasa ya zama dubban ɗaruruwa.

Inda hannunsa ya ɓaci

To, a nan ne masu yaɗa hotunan waya suke yin shiru. Tashi da wuri da ƙirga ɗigon dalma kaɗai ba su ne suka ba shi kasuwar mai ta Amurka ba. Ya ƙulla yarjejeniyar sirri da kamfanonin jirgin ƙasa suna yi masa rangwamen kuɗin dako wanda ba sa yi wa kowa. A 1872 aka shirya wani makirci da ya fi wannan muni, ƙarƙashin wani kamfani mai suna South Improvement Company, inda za a tsauwala wa sauran masu matata kuɗin dako, a kuma ɗebi wani kaso na abin da suka biya a ba su Rockefeller. Asiri ya tonu, masu rijiyoyi suka tayar da ƙayar baya, aka soke shirin kafin ya fara aiki. Amma tsoron da ya jefa a zukatan mutane ya riga ya yi masa amfani. Cikin ƴan makonni ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke gasa da shi a Cleveland. Wanda ya ƙi sayarwa, sai a karya farashi a garinsa har ya durƙushe. Kafin 1880 kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a Amurka yana hannunsa.

Gaskiya ne kananzir ya yi araha a zamaninsa, talaka ya samu fitila. Gaskiya ne kuma gidaje da yawa sun mutu a kan hanyarsa. Cikin waɗanda abin 1872 ya taɓa akwai wani mai suna Franklin Tarbell. Ƴarsa Ida ta girma ta zama ƴar jarida, daga 1902 zuwa 1904 ta bi diddigin kamfanin a mujallar McClure's, ta fito da takardu da shaidu, ƙasa ta ɗauka. Ko a cikin gidansu bai tsira ba. Ƙanensa Frank ya yi gaba da shi har ya sa aka tone gawawwakin ƴaƴansa biyu daga maƙabartar iyali don kada su kwanta wuri ɗaya da John. Har Frank ya rasu a 1917 ba su shirya ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin nan kowace Lahadi yana coci yana koyar da yara, ba ya shan giya, ba ya shan taba, kuma har ya mutu bai yarda ya zalunci kowa ba. Hisabin da yake yi wa kansa da dare ya tsare shi daga girman kai da almubazzaranci, amma bai taɓa kai shi ga tambayar halin da wanda ya karya yake ciki ba. Littafinsa na da gurbin shiga da gurbin fita, babu gurbin haƙƙin mutane.

Yinin babban attajiri

Wani zai zaci da dukiya ta ƙaru sai aiki ya ƙaru. Akasin haka aka gani. Tun yana da shekara talatin da ƴan kai ya sa aka ja masa wayar tangarahu daga ofis zuwa gida, don ya riƙa yin yammaci uku ko huɗu a mako a gida, yana dasa itatuwa yana shan iska. Da hantsi yakan sha madara da ɗan biskit. Bayan abincin rana kuma sai ya miƙe a kan doguwar kujera ya ɗan runtsa, wato ƙailular da mu muka gada, wadda yaranmu na ofis yanzu suke jin kunyarta. A ra'ayinsa mutumin da ya ba kasuwa dukan lokacinsa abin tausayi ne, kuma wanda ke aiki a natse ya fi mai gaggawa daɗewa a fage.

A gidansa kafin karin kumallo akan taru a yi addu'a a karanta littafinsu, wanda ya makara a ci shi tarar santi ɗaya. Ƴaƴansa, mata uku da suka rayu da namiji ɗaya, kowa da ɗan littafin lissafinsa da uban ke dubawa. Kuɗin kashewa sai an yi aiki, kashe ƙudaje da fiƙe fensir da cire ciyawa kowanne da farashinsa. Keke ɗaya aka saya musu su huɗu don su koyi haƙuri da juna.

Da kamfanin ya koma New York, ofishinsu na lamba 26 a titin Broadway. Kowace safiya wanzami zai zo ya yi masa aski a lokaci ɗaya, sannan ya fita ya hau jirgin ƙasa na cikin gari da santi biyar kamar kowa. Yana zaune in wani tunani ya zo masa sai ya rubuta da fensir a bakin hannun rigarsa. Da tsakar rana manyan kamfanin su haɗu a tebur ɗaya su ci abinci, kowa da kujerarsa, shi kuwa bai zauna a kan tebur ba, ya bar wa wani dattijo cikinsu. A taro ba ya yawan magana. Yakan kishingiɗa ya rufe ido yana saurare, sai an gama ya yi tambaya ɗaya ko biyu.

Duk da wannan kiyayewa, jiki ya karɓi nasa. A farkon shekarun 1890, ga ƙararraki a kotu, ga zagin jaridu, ga wasiƙun neman taimako da ke zuwa buhu buhu, cikinsa ya lalace, barci ya ƙaurace masa. Sai da ya bar ofis na watanni ya koma gonarsa yana aiki tare da leburori. Wajen 1897 ya saki ragamar kamfanin ga John Archbold, yana da shekara 58. A 1901 wata cuta ta zubar masa da gashi duka, har gira da gashin baki, ya koma sa hular gashi. Mai kuɗin da ya fi kowa a ƙasarsa ya yi zamani abincinsa bai fi na marar lafiya ba.

Shekara arba'in na hutu

Bayan ya bar aiki sai ya mai da tsarin nan kan lafiyarsa, domin ya ƙudurta sai ya kai shekara ɗari. Ƙarfe shida yake tashi, ya karanta jarida awa ɗaya, ya zaga gida da lambu. Ƙarfe takwas karin kumallo. Bayan nan ɗan wasan lissafi da baƙinsa, sai awa ɗaya na amsa wasiƙu. Daga goma da kwata zuwa sha biyu yana filin wasan golf, wanda ya fara koya a 1899. Sai wanka da hutu, abincin rana, wani hutun, sannan a fita da shi shan iska a mota wajen awa biyu. Ya dawo ya sake hutawa, ƙarfe bakwai abincin dare, a saurari kiɗa a yi hira, goma da rabi ya kwanta. Abinci kaɗan yake ci, yana tauna kowace loma sau goma, kuma ba ya tashi daga tebur da sauri. In ya fita yakan raba wa mutane sabbin ƙwandaloli na santi goma, yara da manya.

Ba abin da ke sa ya karya wannan jadawali. A 1907 wani alƙali ya ci kamfaninsa tarar fiye da dala miliyan 29. Yana filin golf aka kawo masa labari, ya karanta ya sa takardar a aljihu ya ci gaba da wasa. Daga baya kotun sama ta soke tarar. A watan Mayu 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a wargaza Standard Oil, aka raba shi kamfanoni 34. Wannan labarin ma a filin golf ya same shi. Abin dariya, rabawar ta ƙara masa arziki, domin yana da hannun jari a kowane ɗaya, ga mota ta fara yawa, fetur ya samu kasuwa. A 1916 jaridu suka ce shi ne mutum na farko da ya mallaki miliyar guda na dalar Amurka, wato biliyan. Esso da Mobil da Chevron da muka sani duk daga wannan tsatso suka fito.

Bayar da kuɗin ma da littafi ya yi shi. Ya ɗauki wani malamin coci mai suna Frederick Gates ya ce ya tsara masa kyauta kamar yadda ake tsara kasuwa. Da kuɗinsa aka kafa Jami'ar Chicago, aka kafa cibiyar binciken magunguna a New York a 1901, aka yaƙi tsutsar ciki a kudancin Amurka daga 1909, aka kafa Gidauniyar Rockefeller a 1913. Abin da ya bayar a rayuwarsa ya haura dala miliyan 500. Wani abu daga ciki ya iso har ƙofarmu. Gidauniyar ta buɗe wurin binciken cutar shawara a Legas a 1925, kuma a ɗakin bincikenta ne Max Theiler ya samar da allurar rigakafin shawara a 1937. Katin rigakafin nan ruwan ɗorawa da ake tambayarmu a kan iyaka da filin jirgi, asalin allurarsa daga can ne.

Matarsa ta rasu a 1915. Shi kuma ya rasu ranar 23 ga Mayu 1937 a gidansa na Ormond Beach a jihar Florida, saura ƙasa da wata biyu ya cika 98. Ɗarin da ya ƙudurta bai samu ba. Aka kai shi Cleveland aka binne kusa da uwarsa da matarsa.

Abin da na ce wa yaron

Da na gama ba ɗan ƙanwata wannan labari, ya tambaye ni to ƙarfe nawa ya kamata ya riƙa tashi. Na ce masa asuba ta riga ta yanke maka wannan, uwarka ma da ke dakan fura tana riga Rockefeller tashi, ba ta kuwa mallaki matatar mai ba. In tashin wuri ne ke kawo dukiya, da masu tallan koko sun fi kowa. Lokacin da aka haife shi, da man da aka tono kusa da garinsu, da rashin dokar da za ta taka masa burki, da taurin zuciyarsa, duk suna cikin lissafin, kuma ba ɗaya da za ka iya kwafa daga waya.

Abin da za ka iya ɗauka ƙanana ne. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta naka kuɗin, domin na ga ma'aikatan banki da yawa suna ƙirga miliyoyin mutane da rana, ashirin ga wata kuma suna neman rance. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wa ya miƙo maka ita, ko da shugabanka ne yana tsaye a kanka. Ka rufe lissafin yini a yininsa. Ka sa wa kanka lokacin tashi daga aiki kamar yadda ka sa na zuwa, in an samu sarari da rana ka ɗan runtsa ko minti ashirin ne. In ka kwanta ka ajiye wayar ka tambayi kanka abin da ka yi yau, ka kuma ƙara tambayar da shi bai yi ba, wato ko akwai wanda ka danne a yau, ko tsohon da ya zo karɓar fansho ka bar shi tsaye don ba ka san shi ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce maganar tashi daga aiki ba a hannunsa take ba, shugaba ne ke sallama. Na ce gaskiya ne, ni ma na yi zamani a ƙarƙashin wani. Amma awa biyun da kake yi kana latsa waya bayan ka dawo, su a hannunka suke. Da zai koma Yamai na ba shi wani ɗan littafi mai bangon ja da na saya a kasuwa dala arba'in. Makon jiya ya kira ni ya ce ya gano kuɗin katin waya da na shayi suna cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa, kuma ya fara kwanciya ƙarfe goma da rabi.